Sardauna Ahmadu Bello: Gwanin fayis daga Rabah

Kafin siyasa ta san Sir Ahmadu Bello, filin wasa ne ya fara saninsa.

An haife shi a garin Rabah, gabas da Sakkwato, a wajajen shekarar 1910. Mahaifinsa Malam Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, kakansa kuma Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Muhammadu Bello wanda hubbarensa ke Wurno. Yana da shekaru shida mahaifin ya rasu.

Bayan karatun allo da makarantar lardi ta Sakkwato, ya shiga Kwalejin Katsina a 1926. A can ne ya shahara a wasan fayis, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, har ya zama kaftin. Wasa ne mai bukatar zafin nama da saurin ido, kuma bai rabu da shi ba har bayan ya zama Firimiya.

Sai dai gasar da aka haife shi dominta ba ta bango ba ce. Ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato daga 1931, sannan a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ya naɗa shi Sarkin Rabah, yana ɗan shekara 24 ko kusa da haka. Ga jini, ga boko, ga ƙuruciya, don haka idon kowa na kansa.

Da Hassan ya rasu a 1938, Ahmadu ya nemi gadon sarautar, amma aka zaɓi ɗan'uwansa Abubakar na Uku. Shi kuwa aka ba shi Sardauna, wato sarautar da Abubakar ɗin ya bari, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabas. Ɗaukaka ce, amma tana da nisa da fada.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 1943, lokacin da aka zarge shi da cin kuɗin jangali. Kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin shekara guda. Ga ɗan sarauta mai hangen gado, wannan hukunci zai iya rufe masa ƙofa har abada. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, inda aka wanke shi. Maimakon ta karya shi, shari'ar sai ta ƙara masa farin jini a wurin matasa 'yan boko na Arewa.

Daga baya ya shirya da Sarkin Musulmi, ya jagoranci jam'iyyar NPC, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Sojoji sun kashe shi a gidansa na Kaduna ranar 15 ga Janairun 1966, tare da uwargidansa Hafsatu.

Sarkin Musulmi Abubakar ya ci gaba da sarauta har ya rasu a 1988.