Mary Shelley, marubuciyar da ta hango haɗarin kimiyya marar linzami

An haifi Mary ranar 30 ga watan Agusta na 1797 a birnin Landan na ƙasar Ingila. Mahaifinta William Godwin masanin falsafa ne, mahaifiyarta Mary Wollstonecraft kuwa ta yi suna wajen kare haƙƙin mata, amma ta rasu kwana 11 bayan haihuwarta. Yarinyar ta tashi marainiya a gidan da ke cike da littattafai.

Tana da shekara 16 ta gudu tare da marubucin waƙoƙi Percy Shelley, wanda a lokacin yake da aure. A 1815 ta haifi bakwaini mace da ba ta yi mako biyu a duniya ba.

A 1816 su biyun suka je bakin tafkin Geneva, inda suka haɗu da Lord Byron. Tokar dutsen Tambora na Indonesiya, wanda ya yi aman wuta a 1815, ta dagula yanayin Turai, ruwa da sanyi suka hana su fita. Byron ya ba da shawarar kowa ya rubuta labarin ban tsoro. Zamani ne da ake ta maganar gwaje-gwajen Luigi Galvani, wanda ya sa ƙafafun matattun kwaɗi motsi da lantarki, har wani ɗan'uwansa Giovanni Aldini ya gwada haka a kan gawar mutum a Landan a 1803. A cikin wannan yanayi Mary, mai shekara 18, ta fara rubuta Frankenstein.

Littafin ya fito a watan Janairun 1818, kwafi 500, babu sunanta a kai. Labarin wani ɗalibi ne, Victor Frankenstein, da ya harhaɗa sassan jiki a birnin Ingolstadt na Jamus, ya samar da halitta mai rai. Da halittar ta buɗe ido, muninta ya firgita shi, ya tsere ya bar ta. Ta koyi magana da karatu da kanta, ta nemi mutane su karɓe ta, kowa ya kore ta. Ta roƙi Victor ya yi mata abokiyar zama, ya fara aikin, daga baya ya lalata shi. Kafin labarin ya ƙare ta kashe ƙanensa da amininsa da amaryarsa.

Laifin da Mary ta ɗora wa Victor ya wuce neman ilimi: ya yi aikinsa a ɓoye, bai shawarci kowa ba, sannan ya ƙi ɗaukar nauyin abin da hannunsa ya ƙera. Shi ya sa sunan littafin ke dawowa duk lokacin da ake muhawara kan makaman nukiliya, sauya ƙwayoyin halitta ko ƙirƙirarriyar basira.

Mutuwa ba ta daina bibiyar gidanta ba. Ƴarta Clara ta rasu a 1818, ɗanta William a 1819, mijinta ya nutse a teku kusa da gaɓar Italiya a 1822. Ta koma Ingila ta riƙe ɗanta guda da ya rage da abin da alƙalaminta ke kawo mata. A 1826 ta wallafa The Last Man, labarin annobar da ta share bil'adama.

Mary Shelley ta rasu a Landan ranar 1 ga Fabrairun 1851 tana da shekara 53. Har gobe mutane da yawa na kiran dodon da sunan Frankenstein, alhali sunan wanda ya ƙera shi ne. A cikin littafin ba a raɗa wa halittar suna ba.