Kyaftin Kyari Magumeri

Kyari Magumeri mutumin ƙasar Barno ne. Turawa kan rubuta sunansa Chari Maigumeri. Yana yaro matashi, wajen shekara ta 1913, ya shiga soja a Kamaru. A zamanin nan kuwa ƙasar Kamaru tana hannun Jamus, saboda haka kakin Jamus ya fara sawa.

Ba a daɗe ba sai Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a 1914. Sojan Ingila suka taso daga Nijeriya suka faɗa wa Jamusawan Kamaru. Kyari ya yi yaƙi da zuciya ɗaya, har Jamusawa suka ba shi lambarsu ta jarumtaka, wadda aka ƙera da baƙin ƙarfe. A 1915 garin Garwa ya faɗi, aka kama shi a cikin fursunonin yaƙi. A 1917 ya shiga rundunar Nijeriya, aka tafi da shi Afirka ta Gabas, ya yaƙi Jamusawan da ya yi wa aiki a dā.

A cikin rundunar nan akwai Kanawa da Katsinawa da Sakkwatawa da Barebari da sauran kabilu, amma Hausa ce harshen bariki, har hafsoshi Turawa sai sun koye ta. Kyari ya yi ta samun ƙarin girma. Ya zama Saje, ya zama Samanja, daga bisani ya zama Babban Samanja na Bataliya ta 3. Wannan ba ƙaramin muƙami ba ne, gama shi ne ke tsakanin hafsoshi da sauran soja, kuma ladabin bataliya duka a wuyansa yake.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka aika da su su kori Italiya daga Somaliya da Habasha. A 1941 sojan Nijeriya suka tashi daga Mogadishu suka nufi Harar, tafiyar fiye da mil 1,000, suka ci ta cikin wata guda. Ga zafin rana, ga ƙishirwa, ga duwatsu, ga abokan gaba sun tsare mashigai da igwa da bindiga mai ruwa. A yaƙin nan ne Kyari ya sami lambar Ingila da ake kira M.M. Ba a ba da ita don daɗewa a aiki. Sai wanda ya nuna ƙarfin zuciya a fagen fama, harsashi na zuba, shi ake ba. Lambar ta azurfa ce, da hoton Sarkin Ingila a fuskarta, ana kuma zana sunan mai ita a gefenta.

Abin mamaki ke nan: ƙasashe biyu masu gaba da juna, kowacce ta shaida jarumtakar mutum ɗaya.

Bayan Habasha ya tafi Bama, inda suka yaƙi Japan a cikin kurmi, aka kuma ambaci sunansa a cikin rahoton yaƙi. A 1953 ya je Landan bikin naɗin Sarauniya Elizabet. A shekarar nan ya bar aiki, bayan shekara 36 a rundunar Nijeriya, aka ba shi girman Kyaftin. An sa wa barikin soja na Lakwaja sunansa.