Dennis Wilson

Dennis Carl Wilson (4 ga Disamba, 1944 – 28 ga Disamba, 1983) makaɗi ne, mawaƙi kuma marubucin waƙa ɗan ƙasar Amurka. Shi ne mai kiɗan ganguna na ƙungiyar The Beach Boys. An daɗe ana yi masa kallon makaɗi kawai, sai bayan mutuwarsa kundin da ya yi shi kaɗai, Pacific Ocean Blue, ya samu karɓuwa sosai.

Farkon rayuwa

An haife shi a Inglewood da ke jihar Kalifoniya, ya tashi a Hawthorne. Shi ne na tsakiya a cikin 'ya'ya uku maza: Brian ne yayansa, Carl kuma ƙanensa. A shekarar 1961 suka kafa ƙungiyar tare da ɗan'uwansu Mike Love da abokinsu Al Jardine. Dennis ne kaɗai a cikinsu ya riƙi wasan hawan igiyar teku da gaske, kuma shi ya ba da shawarar su yi waƙa a kansa. Da irin waɗannan waƙoƙi ƙungiyar ta fara suna.

Sana'a

Daga 1968 ya fara fitowa a matsayin marubuci, da waƙoƙi irin su Little Bird, sai Forever a 1970. A 1968 ɗin ne kuma Charles Manson da mabiyansa suka zauna a gidansa na ɗan lokaci, kafin kashe-kashen da suka yi a 1969. Wannan alaƙa ta zame masa tabo. A 1971 ya fito a fim ɗin Two-Lane Blacktop tare da James Taylor.

Pacific Ocean Blue

Kamfanin Caribou Records ya fitar da kundin a watan Agustan 1977. Dennis ya shirya shi tare da abokinsa Gregg Jakobson, ya rera waƙoƙin da muryarsa da ta riga ta dushe, ya kuma kaɗa fiyano a yawancinsu. Kundin ya kai matsayi na 96 a jadawalin Billboard. Ya fara aikin wani kundi mai suna Bambu, amma shaye-shaye da matsalar kuɗi suka hana shi kammalawa.

Mutuwa

Ya nitse a ruwa a Marina del Rey yana da shekara 39. Da izinin Shugaba Ronald Reagan aka saka gawarsa a teku ranar 4 ga Janairu, 1984.

Sake fitar da kundin

An fitar da kundin a faifan CD a 1991, daga nan ya ɓace daga kasuwa, har samunsa ya yi wuya. A 2008 kamfanin Legacy ya sake fitar da shi haɗe da waƙoƙin Bambu, inda ya kai matsayi na 16 a Birtaniya, nesa da inda ya tsaya tun marubucinsa na raye. Kamfanin Sundazed kuma ya buga shi a faifan garmaho guda uku masu launin shuɗi.