Tsai Lun, Bafaden Da Ya Kyautata Takarda

Ya kai mai karatu, ɗauki littafin Ahalarinka ka shafa. Shin ka taɓa tambayar daga ina wannan takarda ta samo asali? To, yau ga tarihin mutumin da aka fi danganta ta da shi.

Sunansa Tsai Lun, mutumin ƙasar Sin. An haife shi a yankin da yanzu ake kira Hunan. Wajen shekarar 75 Miladiyya ya shiga aikin fadar sarakunan daular Han a birnin Luoyang, yana cikin babanni, wato irin bayin nan da aka fiɗiye, kamar yadda aka yi su a fadojin ƙasar Hausa a da. Saboda ƙwazonsa, a zamanin Sarki He aka ɗora shi kan ma'aikatar da ke ƙera takubba da kayan fada.

A lokacin nan mutanen Sin a jikin tsagin gora suke rubutu, ko a kan alharini. Gora ga nauyi, alharini ga tsada. Ka ƙaddara a ce izu sittin duk a alluna za ka ɗauka, ai sai da jaki! Tsai Lun ya tara ɓawon itace, da zaren wani tsiro mai kama da rama, da tsummoki, da tsofaffin komar masunta. A jiƙa su, a kirɓa har su koma kamar kunu, a ɗebo da faffaɗar rariya, ruwa ya tsiyaye, a shanya. In ya bushe, sai ga falle mara nauyi mai shan tawada. A shekarar 105 ya kai wa Sarki, Sarki ya yaba, aiki ya bazu. Masu tonon kayan tarihi sun samo guntayen takarda da suka girme shi, don haka abin da ya yi shi ne kyautata ta da sauƙaƙa yin ta. A 114 aka ba shi sarauta da ƙasar da zai ci.

Amma fa akwai tabo a tarihinsa. Tun yana sabon bafade, uwargidan Sarki, mai suna Dou, ta sa shi ya tuhumi kishiyarta Song a kan ƙazafi, har baiwar Allah ta rasa ranta. Ashe jikan Song zai hau gadon mulki. A shekarar 121, da wannan jika, Sarki An, ya riƙe ragamar mulki sosai, sai ya ce a kai Tsai Lun gaban shari'a. Shi kuwa ya yi wanka, ya sa tufafinsa na fada, ya sha guba ya mutu. Ka ga dai basira ba ta wanke zalunci, kuma ramin mugunta gajere ake ginawa.

Takarda kuwa ta ci gaba da tafiya. Bayan yaƙin Talas na shekarar 751, wato 133 Hijiriyya, sana'ar ta kafu a Samarkand, sannan ta isa Bagadaza a zamanin Halifa Haruna Rashid. Daga hannun Musulmi ta shiga Andalus, ta wuce Italiya. Daga Italiya fatake suka riƙa kawo ta Tarabulus, raƙuma su keto Sahara da ita zuwa Katsina da Kano. Cikinta har da wadda in ka ɗaga ta a rana za ka ga tambarin jinjirin wata uku. A kan irin wannan takarda malamanmu suka kwafi littattafai da waƙoƙin ajami, alarammomi suka rubuta Alƙur'ani da ka, aka adana a gafaka.

Saboda haka, ɗan'uwa, in akwai tsohuwar gafaka a gidanku a nan Daura, roƙi Baba ko Kaka su buɗe maka ka gani. A nisanta ta da danshi da gara. Kai kuma ka daina yage littafinka kana ƙunshe ƙosai. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.