Brian Epstein: Ɗan kasuwar da ya fito da mawaƙan Beatles

A yau mun waiwayi tarihin wani mai kanti wanda neman faifai guda ya canza masa rayuwa. An haifi Brian Epstein ranar 19 ga Satumba 1934 a birnin Liverpool na ƙasar Ingila, a gidan Yahudawa 'yan kasuwa masu sayar da kujeru da gadaje. Da ya girma sai aka damƙa masa kantin faya-fayan garmaho na gidansu mai suna NEMS. Ƙa'idarsa ita ce duk faifan da mai saye ya tambaya, sai an nemo masa shi.

Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, a watan Oktoba 1961 wani saurayi ya shigo neman waƙar My Bonnie, kuma babu ita a kantin. Tsohuwar waƙar gargajiya ce, wadda mawaƙi Tony Sheridan ya rera a Hamburg ta ƙasar Jamus a watan Yuni na shekarar, wasu samari 'yan Liverpool suna yi masa kiɗa. Samarin nan su ne Beatles. Epstein ya sa aka kawo faifan daga Jamus, sannan ranar 9 ga Nuwamba ya je gidan rawa na Cavern ya gane wa idonsa.

A watan Janairu 1962 ya zama manajansu, ya raba su da rigunan fata ya sa musu kwat. Kamfanin Decca ya ƙi su, amma bai karaya ba, ya yi ta yawo da kayansa har George Martin na kamfanin Parlophone ya karɓa. Ranar 5 ga Oktoba 1962 waƙarsu Love Me Do ta fito, ta kai lamba 17 a Ingila.

Sai dai gwani ma yakan yi tuntuɓe. Da aka zo cinikin riguna da sauran tarkace masu ɗauke da sunan Beatles, kashi 10 cikin 100 kawai aka karɓar musu, suka tafka asarar miliyoyi. Mu da muke kasuwa mun san zafin sallama kaya kafin a san darajarsu.

Epstein ya mutu a birnin London ranar 27 ga Agusta 1967 yana ɗan shekara 32, sakamakon shan maganin barci fiye da kima. Bayan shekara uku ƙungiyar ta watse.