Thomas Graham: Masanin da Ya Gano Yadda Tantani Ke Rarrabe Abubuwan da Suka Gauraya

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibiti domin wankin ƙoda ya ga wani bututu a jikin na'urar, jini na shiga ta kai ɗaya yana fita ta ɗayan. A cikinsa akwai dubban zarurrukan roba masu rami, sirara kamar gashi, kuma ta jikin bangonsu ne dattin jini ke tsallakawa. Sunan da likitoci ke kiran wannan aiki da shi, wato dayalisis, wani masanin kimiyyar sinadarai ne ya raɗa shi a 1861. Shi ne Thomas Graham, mutumin da bai taɓa yin aikin likita ba.

An haife shi a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan a watan Disamba na 1805. A daidai waɗannan makonni wani ɗan ƙasarsu, Mungo Park, yana cikin jirgin ruwa yana gangarowa Kwara. Ya ratsa ƙasar Yauri, ya halaka a Busa a farkon 1806, wurin da tafkin Kainji ya shanye tun 1968. Mahaifin Graham attajiri ne mai sana'ar tufafi, burinsa kuwa ɗansa ya zama malamin coci. Yaron ya shiga Jami'ar Gilasgo a 1819 yana ɗan shekara 13, ya ji darussan Thomas Thomson a kan sinadarai, daga nan hankalinsa bai ƙara komawa kan abin da uban yake so ba. Uban ya fusata ya janye hannunsa. Mahaifiyarsa da 'yar'uwarsa ne suka riƙa tallafa masa, shi kuma yana haɗawa da koyarwa da rubuce-rubuce har ya tsaya da ƙafarsa.

A 1830 ya zama farfesa a Kwalejin Anderson da ke Gilasgo, a 1837 ya koma Landan, a 1841 aka kafa ƙungiyar masana sinadarai ta Landan aka ba shi shugabancinta na farko. Ba gwanin magana ba ne a gaban aji. An san shi da jin nauyi da inda-inda. Ƙarfinsa yana wajen haƙuri. Tambaya guda ya riƙe kusan shekara 40: yaya abu ke ratsa wani abu ba tare da an tura shi ba? Ya fara da iska, ya nuna cewa mai sauƙi ta fi mai nauyi saurin bazuwa bisa wani lissafi tsayayye, wanda ɗalibanmu na sakandare ke haddacewa har yau da sunan dokar Graham.

Da ya juya ga ruwa ne aikinsa ya zo kusa da rayuwarmu. Matar da ta yanka albasar Yauri ta barbaɗa mata gishiri ta san ba a jimawa sai albasar ta kawo ruwa. Ruwan ya ratso tantanin ƙwayoyin albasar ne ya nufi inda gishiri ya fi yawa. Graham ya gabatar da dogon bincike kan wannan ƙarfi a 1854, ya kuma auna saurin bazuwar abubuwa cikin ruwa. Ya tarar da gishiri na tafiya da sauri, sukari na biye a hankali, amma farin ƙwai sai ya ɗauki kusan ninki 20 na lokacin gishiri. Sai ya raba su gida biyu: masu daskarewa su zama ƙwaya-ƙwaya kamar gishiri da sukari, da masu yauƙi ko danƙo kamar ƙaro da sitati. Na biyun ya kira su koloyid, daga kalmar Girkanci mai nufin gam.

Na'urar da ya ƙera ba ta fi rariyar tankaɗe wuyar fahimta ba. Zobe ne aka ɗaure wa takarda ta musamman a gindi, kamar yadda ake ɗaura tantani a bakin ganga, a zuba gaurayen a ciki, a ɗora bisa ruwa mai tsabta. Ya gauraya sukari da ƙaro, irin wanda ake tsinta a dazukan Sahel, ya zuba. Sukarin ya tsallake zuwa ruwan ƙasa, ƙaron ya tsaya. Ya fitar da sinadarin yuriya daga fitsari ta wannan hanya, ya kuma nuna ana iya zaƙulo gubar asinik daga cikin abinci domin binciken kisa. Babu wuta, babu tafasawa. Sai da aka shekara fiye da 80 kafin likita Willem Kolff na ƙasar Holan ya ceci ran majinyaciya ta farko da ƙodar na'ura a 1945, da ledar da ake ɗura nama a ciki.

Mazauna bakin tafkin Kainji, daga Yelwa zuwa Wara a Ngaski da ƙauyukan Shanga, sun san koloyid ko da ba su san sunan ba. Idan ruwan damina ya sauko, kogin kan yi fari-fari saboda yumɓu mai laushin da ba ya kwanciya ko an bar shi ya kwana a randa, sai an jefa alif ya tattara shi. Ƙyalle na tare ƙazanta, kuma da matacin ƙyalle aka yaƙi kurkunu har aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013. Amma abin da ya narke cikin ruwa, gishiri ne, maganin feshin gonar shinkafa ne ko gubar da ke biyo wankin zinariya, ƙyalle ba ya ganinsa, alif ma ba ya kawar da mafi yawansa. Ruwa na iya yin garau alhali yana ɗauke da cuta. Nan ne ake bukatar irin tantanin Graham.

A ganina mafi girman aikinsa shi ne na 1866, ko da yake ba shi aka fi ambata ba. Ya sa iska ta ratsa siririn fallen roba, sai ya tarar iskar da ta fito ta ɗauki kusan ninki biyu na oksijin, har tana iya tayar da wuta a itacen da ya koma garwashi. Fallen ba shi da huda ko ɗaya. Bayaninsa shi ne abu kan narke ne cikin jikin robar, ya ratsa ta, ya fita ta ɗaya gefen, kuma wanda robar ta fi karɓa shi ke riga wucewa. Wato tantani na zaɓe ne, ba girman rami kaɗai yake dubawa ba. Roba kuwa tana cikin sinadarai masu doguwar sarƙa da ake kira folima. Da wannan bayani ake fahimtar aikin tantanin da Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan suka ƙera a Jami'ar Kalifoniya wajen 1960, wanda ya sa cire gishiri daga ruwan teku ya zama sana'a. Jikokinsa ne ke cikin injinan masu fiya wata da yawa a garuruwanmu.

Matsalar da ta ƙi ƙarewa ɗan kasuwa zai gane ta nan take. Tantanin da ke tacewa sosai yana da nawa, mai sauri kuma yana barin datti ya wuce, dukansu biyun suna toshewa su ci kuɗin lantarki. Shi ya sa masu bincike yanzu suke cuɗa folima da ƙananan siffofin kabon, sinadarin da shi ne jigon gawayi da bakin fensir. Akwai bututun kabon da Sumio Iijima ya bayyana a Japan a 1991, akwai kuma girafin, falle mai kaurin ƙwayar zarra guda, wanda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓantaro a Manchesta a 2004. Idan aka zuba kaɗan daga cikinsu a folima, sukan buɗe wa ruwa 'yan hanyoyi masu santsi su tare abin da ya fi shi girma. A 2012 masu bincike a Manchesta suka nuna fallen girafin da aka haɗa da oksijin yana barin tururin ruwa ya wuce, yana hana iskar hiliyom. Ana gwada irinsa wajen raba ruwa da itanol, domin tafasawa kaɗai ba ta wuce kashi 96 cikin 100. Mafi yawan wannan aiki yana ɗakin gwaji tukuna, saboda tsada da wuyar watsa kabon ɗin daidai ba tare da ya dunƙule ba.

Shekarunsa na ƙarshe a kan kuɗi suka ƙare. A 1855 aka naɗa shi shugaban gidan buga kuɗi na Ingila bayan John Herschel, kuma a hannunsa aka sauya tsabar jan ƙarfe da ta tagulla a 1860. Kalmarmu ta kwabo daga sunan jan ƙarfen nan na Turanci ta samo asali. Aikin ofis ya cinye masa shekaru, amma bai hana shi komawa gwaji ba, har ya gano ƙarfen faladiyom na shanye iskar haidurojin ninki ɗaruruwa na girmansa. Bai yi aure ba. Ya mutu a Landan ranar 16 ga Satumba, 1869, aka kai gawarsa Gilasgo. Tsohon mataimakinsa James Young, wanda ya yi arziki da man fitila, shi ya biya kuɗin mutum-mutuminsa da aka kafa a dandalin George na birnin a 1872.