Hanns Vischer (Ɗan Hausa)

Hanns Vischer (an haife shi ranar 14 ga watan Satumba, 1876, ya mutu ranar 19 ga watan Fabrairu, 1945), wanda Hausawa suka fi sani da Ɗan Hausa, malamin makaranta ne kuma jami'in mulkin mallaka na Birtaniya, ɗan asalin ƙasar Siwizalan. Shi ne ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nassarawa, Kano, a shekarar 1909, kuma shi ne Daraktan Ilimi na farko a Arewacin Najeriya. Ana tunawa da shi saboda haɗa karatun allo da aikin hannu a makarantarsa, da kuma ƙa'idojin da ya tsara na rubuta Hausa da haruffan boko.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Vischer a birnin Basel, a wani gida na attajirai. Ya yi karatu a Siwizalan da Jamus, sannan ya tafi Ingila ya shiga Kwalejin Emmanuel ta Jami'ar Kambirij. Daga nan ya koyi aikin mishan a Ridley Hall. Ya tashi da Jamusanci da Faransanci, ya ƙara da Turanci, daga baya ya koyi Hausa da Larabci da Barbarci da Fulatanci.

Zuwansa Najeriya

Ya fara zuwa ƙasar nan a farkon ƙarni na 20 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta CMS, wadda a lokacin take neman shiga ƙasar Hausa da jagorancin Bishop Tugwell da Likita Walter Miller. Bai daɗe a wannan aiki ba. A 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, ya zama ɗan ƙasar Birtaniya, ya shiga aikin gwamnatin Gwamna Lugga, aka tura shi Borno.

A 1906 ya ƙetara hamadar Sahara daga Tarabulus zuwa Tafkin Chadi, ta hanyar Murzuk da Bilma, wato tsohuwar hanyar fatake. A ayarinsa akwai alhazai masu komawa gida daga Makka da kuma 'yantattun bayi. Ya ba da labarin tafiyar a littafinsa mai suna Across the Sahara, wanda aka buga a 1910.

Makarantar Nassarawa

Bayan cin ƙasar, gwamnati ta rasa ma'aikata 'yan ƙasa da suka iya boko da lissafi, don haka akawuna da masu sana'a daga Kudu da Gwalkwas da Saliyo ake kawo su. Sarakuna kuwa ba su yarda da makarantun mishan ba, saboda tsoron a juya wa 'ya'yansu addini. Gwamna Percy Girouard ya ɗora wa Vischer nauyin samo mafita a 1908. Kafin ya fara, sai da ya je Misira da Sudan da Gwalkwas ya duba makarantunsu, ciki har da Kwalejin Gordon ta Hartum, inda ake koyar da sana'a tare da karatu.

Ya buɗe makarantarsa a 1909 a Nassarawa, wajen ganuwar Kano, a zamanin Sarkin Kano Abbas, kuma baitulmalin sarki ya taimaka da kuɗi. Makarantar ta ƙunshi sassa dabam-dabam: ajin malamai, waɗanda suka riga suka yi nisa a karatun Larabci, da makarantar 'ya'yan sarakuna, da elemantare, da makarantar sana'a. Ɗalibai sun zo daga masarautun Arewa da dama. Da Hausa ake koyarwa. Gine-ginen na ƙasa ne irin na gari, ɗalibai suna sanye da tufafinsu na gida, malaman Musulunci suna karantar da addini, kuma ba a wa'azin Kiristanci.

Koyar da aikin hannu

Ra'ayin Vischer shi ne yaro ya fara koyo daga abin da yake gani a garinsu, sannan a ɗora masa sabo a kai. Kano ta daɗe da suna a saƙa da rini da jima da dukanci da ƙira da gini, tun kafin zuwan Turawa. Don haka ya ɗauko gwanayen masu sana'a na gari su koyar, aka haɗa da sababbin kayan aiki da sababbin sana'o'i kamar kafinta irin ta Turawa.

Bambancin wannan da koyon sana'a a gida yana wajen awo da lissafi. A gidan maƙeri ko magini, yaro da ido da hannu yake koyo, yana kwaikwayon ubangidansa shekara da shekaru. A makaranta kuwa ana so ya iya auna tsawo da faɗi da lamba, ya ƙiyasta kayan da aikin zai ci kafin ya taɓa katako ko fata. Ta haka lissafin da ya koya a aji yake samun wurin aiki, kuma kuskurensa yana fitowa fili a jikin abin da ya haɗa.

Lissafi da awo sun yi amfani har a karkara. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, irin su ƙasar Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Gezawa, suna cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a ƙasar Hausa. Gona tana jikin gona, ana noma ta kowace damina ba hutu, da taki ake raya ta. A wannan zamanin ne hukuma ta fara sanya haraji bisa girman gona, inda malaman awo suke zagaya gonaki suna ƙirga takunsu, abin da aka kira harajin taki. Aikin yana buƙatar wanda ya iya rubuta lamba da fitar da faɗin fili, kuma irin waɗannan ma'aikata na cikin waɗanda sabon ilimin ya samar wa En'e.

Rubutun Hausar boko

Lokacin da Vischer ya fara aiki, Turawan mulki sun rabu biyu a kan rubutun Hausa. Wasu, kamar Razdan Burdon na Sakkwato, sun fi son ajami saboda shi jama'a suka sani. Vischer ya goyi bayan boko, yana kafa hujja da tsadar buga ajami da wasullansa a injin ɗab'i, da kuma ganin cewa ajami a makarantun gwamnati zai ƙara yaɗa Musulunci cikin ƙabilun da ba Musulmi ba. Ra'ayinsa ne ya yi rinjaye. A 1912 aka fitar da ɗan littafinsa mai suna Rules for Hausa Spelling, wanda ya daidaita yadda za a rubuta sautukan Hausa. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba a fara amfani da su ba sai a shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya.

Rayuwarsa bayan Kano

Ya auri Isabelle de Tscharner, ita ma 'yar Siwizalan, ta zauna da shi a Kano, ta kuma rubuta littafi da Faransanci a kan zamanta a Arewa. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Vischer ya koma Turai ya yi aiki a sashen leƙen asiri na sojan Birtaniya, bai sake komawa kujerarsa ta Kano ba. A 1923 ya zama sakataren kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka shawara kan ilimi a Afirka, ya riƙe aikin har 1939. Ya raka Hukumar Phelps-Stokes rangadin Gabashin Afirka a 1924. A 1926 yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka ta duniya a Landan, tare da Lugga da masanin harsuna Diedrich Westermann, kuma shi ne babban sakatarenta. An ba shi lambar girma ta Sir a 1941. Ya mutu a Ingila a 1945.

Suka da yabo

Masu yabonsa suna cewa ya girmama harshen mutane da sana'o'insu, ya kuma sa sarakuna suka saki jiki da boko. Masu suka suna cewa tsarin nasa an gina shi ne don biyan buƙatar mulkin mallaka: ɗalibai kaɗan, galibinsu 'ya'yan masu sarauta, ba mata, kuma ba a ba Turanci da kimiyya muhimmanci ba, abin da ya taimaka wajen barin Arewa a baya idan aka kwatanta da Kudu. Haka kuma zaɓen boko ya mai da dubban malamai masu karatu da rubutu da ajami tamkar jahilai a idon hukuma.

Ita ma makarantar sana'a ta gamu da cikas. A ƙasar Hausa sana'a gado ce, kuma ɗan sarauta ba ya ganin ƙira ko jima a matsayin aikinsa. Ga shi albashi da muƙami suna wajen mai alƙalami. Sai ya zama karatun aji ya samu daraja, aikin hannu ya koma na waɗanda ba su yi nisa ba.

Abin da ya bari

Bayan Nassarawa an buɗe makarantun lardi a manyan garuruwa, sannan Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Batun haɗa karatu da aikin hannu kuwa ya ci gaba da dawowa. A 1973 aka ƙirƙiro shirin SIWES don tura ɗaliban injiniya da fasaha masana'antu su koyi aiki, kuma a 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Gidan da ya zauna a Nassarawa, wato Gidan Ɗan Hausa, yana nan da ginin ƙasarsa, a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, an mai da shi wurin adana kayan tarihi.